Gida Mai Lamba Hamsin da Takwas

Kawu Oldřich ƙanen mahaifiyata ne, amma a ƙauyenmu na Vrbinka in ka ce Oldřich sai an tsaya ana kallonka. Ka ce Olda na hamsin da takwas, kowa zai nuna maka tudun bayan coci. Da lambar gida muke kiran juna, tunda rabin garin sunan kakansu ɗaya. Direbobin da ke kawo saƙo daga birni kullum sai sun shigo ofishina suna masifa, wai me ya sa gida na bakwai yake manne da na ɗari biyu da uku. Nakan ce musu wanda aka riga ginawa shi ya riga samun lamba, in ba su gane ba su je su tambayi Kawu.

Shekara talatin da takwas ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, kuma lambobin garin nan duka a kansa suke, har da na gidajen da suka rushe. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, mai gashin baki, wanda bai taɓa yarda an fi shi gaskiya ba tun da aka haife shi. Matarsa Miluše ce kaɗai ke iya masa. Da ta rasu shekara shida da suka wuce sai aka bar mu da shi, shi da zomayensa goma sha tara da bishiyoyin lambun da yake dafa slivovice da 'ya'yansu, barasar da in ka kurɓa sai ka ji ta har a kunne. A ambaliyar 1997, lokacin da kogi ya shanye layin ƙasa, gidajen bakin ruwa, gaba ɗaya, a rumbunsa mutum arba'in suka kwana har mako guda, da awakinsu da talabijin ɗinsu. Ruwa ko ƙofar lambunsa bai leƙa ba.

Wannan gidan ne kamfanin inshora ya rubuto a watan Afrilu cewa sabuwar taswirar ambaliya ta saka shi a shiyya ta huɗu, wadda ba su karɓa, don haka daga ƙarshen Yuni babu su babu shi.

Ni ce sakatariyar ofishin gari, Litinin da Laraba nake buɗe wa jama'a. Ran Litinin ko rigar sanyi ban cire ba ya faɗo, ya maka takardar a kan teburina.

"Zdenka, karanta. Ki karanta da ƙarfi, ina so in ji ko idona ne ya lalace."

Na karanta. Wallahi dariya ce ta ƙwace mini.

"Dariya ma kike yi? Ranar da ruwa ya kai gidana, hasumiyar coci sai dai a nemo ta da sanda! Su waye suka zana wannan abu? Sun taɓa taka ƙafarsu a nan?"

"Kawu, kuskure ne kawai. Zauna in buɗe rajistar gari in duba, minti biyar ne."

Sai na ga ya fizge takardarsa ya ninke.

"Kar ki taɓa. Ba da ke nake faɗa ba, da su nake. Ki yi aikin da ke gabanki."

Na ɗauka girman kai ne irin nasa, na ce to. Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma Kawu, kamar yawancin tsofaffinmu, tun bayan jana'izar Miluše ya mayar da gidan sunan ɗansa Radim, wanda ke zaune a Ostrava a hawa na bakwai. Radim kuwa tun ranar da ubansa ya faɗo daga tsani yake neman hanyar ɗauke shi. Ya zo ran Lahadi, ina wurin, na kai wa Kawu miya.

"Baba, ba zan bar ka a gidan da ba inshora ba. Ɗaki yana nan mun gyara maka. In Yuni ya ƙare ba a warware ba, ranar ɗaya ga Yuli zan zo da mota, gidan kuma in sa shi a kasuwa."

"Zomayen fa? A baranda zan zuba su, su riƙa kallon jirgin ƙasa?"

"Zomaye a tukunya suke ƙarewa, Baba, ko yau ko gobe."

"Kai ma da na sani da tun kana ƙarami na sa ka a tukunyar."

Radim bai yi dariya ba, kuma na san shi, in ya faɗi magana ya faɗe ta. Wata biyu da 'yan kwanaki suka rage wa Kawu a gidan da ya shiga tun yana ɗan shekara goma sha biyu.

To, me mutum mai hankali zai yi? Ai sai ya zo wurin 'yar yayarsa da ke riƙe da rajistar gari. Kawu sai ya sayo takardu da ambulan. Wasiƙa goma sha ɗaya ya rubuta wa kamfanin da hannunsa, kowace da hoton 1997 a ciki: ga akuyar wane a tsakar gidansa, ga wance tana shanya a kan katangarsa, ga rufin gidajen ƙasa kamar kwanoni a bahon wanke-wanke. Amsa ɗaya suka yi ta turo masa, kalma ba ta canza ba. Ya buga waya, wata mai zaƙin murya ta ce masa, "Yallaɓai, ni lamba nake sakawa, kwamfuta ta ba ni shiyya." Ya ce ta ba shi kwamfutar su yi magana. Ya hau bas har babban gari, ya yini a layi, aka ce wanda ya san zancen yana hutu.

Duk Litinin da Laraba sai na ce, "Kawu, don Allah ka bar ni in duba." Duk Litinin da Laraba sai ya yi kunnen uwar shegu da ni, ko ya ce shayin ofishinmu kamar ruwan wanke ƙafa. Haushi ya riƙa hana ni cin abinci. Mijina ya ce in fita harkarsa, na ce ai ba kawunka ba ne.

A tsakiyar Mayu ya fito da sabon salo. Ya aro dogon tiyo mai haske, irin wanda magina ke cikawa da ruwa su daidaita gini, ya ce zai auna tsayin tudunsa daga bakin kogi har dokin ƙofarsa, taki-taki. Wai in suka ga alƙaluma za su ji kunya. Aikin mutum biyu ne, kuma wadda ya samu ta riƙe masa ɗaya bakin ita ce Gwaggo Otilie ta ɗari da goma sha uku, tsohuwa mai shekara tamanin da biyu.

Gwaggo Otilie ba danginmu ba ce, haka dai kowa ke kiranta. Gidanta ne na ƙarshe a layin ƙasa, daga tagar kicin ɗinta kana iya jefa wa agwagin kogi burodi. Shekara talatin ta yi tana tatsar shanu a gonar haɗin gwiwa, mijinta Květoslav yana kwance a maƙabartar bayan coci. Kullum da safe takan yanko wa zomayen Kawu ciyawar bakin ruwa, shi kuma ya sauko ya karɓa, su yi rabin awa suna zagin juna. A watan Satumban bara ruwa ya shiga kicin ɗinta har gwiwa, 'yarta Ivana ta zo daga Brno da takardun gidan tsofaffi a jaka. Da ƙyar suka daidaita a kan cewa muddin gidan yana da inshora za ta zauna. Kamfani ɗaya suke da Kawu, kuma a Afrilun nan ita ma aka rubuto mata: shiyya ta ɗaya, an sabunta ba wata tambaya. Na ji labarin a shago, na ce ikon Allah, na ci gaba da zaɓen albasata. Kan da ya kamata in yi tunani da shi ranar ban san inda na ajiye shi ba.

Kwana uku suna hawan tudun nan da tiyo. Rabin gari ya fito kallo, 'yan mashaya har da fito da kujeru.

"Otylka, ɗaga sama! Sama na ce, ba gefe ba!"

"Ka yi mini tsawa kuma in sake shi ya wanke maka wando. Tsoho da kai, lissafi ma sai ka lashi fensir."

"Ni na lashi fensir, ke kin lashi shekara tamanin ba ki san hagu da dama ba."

Wani daga mashaya ya ɗaga murya, "Olda, in ka kai sama ka auna mana zuwa wata!"

Mita goma sha huɗu da rabi suka samu. Ya zana shi tsaf a takarda mai layi, ya aika. Amsar da ta zo ita ce dai ta farko.

Ran Laraba, sha ɗaya ga Yuni, Radim ya bugo mini yana tambaya ko na san mai sayen kejin zomaye. Ina ajiye wayar na ce yau dai ko Kawu zai tsine mini sai na duba. Na buɗe taswirar gari a kwamfuta, inda kowane gida ke da ɗan ɗigo da lambarsa, na rubuta hamsin da takwas. Ɗigon ya fito a bakin kogi, daram a kan rufin Gwaggo Otilie. Na rubuta ɗari da goma sha uku, ya fito a kan tudu, a rufin Kawu.

Na sauko da tsohon littafin rajista daga saman kabad, na sha ƙura har na yi atishawa. A shafin 1961 wani ya rubuta da fensir: "Sun yi musayar gida. A gyara lamba daga baya." Sai labarin da mahaifiyata ta sha ba mu ya dawo mini. Kakata tari ya dame ta saboda danshin bakin ruwa, su iyayen Květoslav kuma suna son kusa da garken shanu, sai iyalan biyu suka yi musaya. An kwashe gadaje da tukwane, kowa kuma ya kwance jan allon lambarsa daga bango ya tafi da shi. To ai dole, mutumin da aka san shi da na hamsin da takwas tun kakansa, ya za a yi ya wayi gari na ɗari da goma sha uku? Wancan "daga baya" shekara sittin da huɗu ke nan bai zo ba. Da aka zo zuba gidaje a kwamfuta, daga tsohon zane aka kwafa.

Daɗi ya kama ni har na tafa hannu ni kaɗai. Wata biyu na wasiƙu da tiyo da bas, ga shi abin minti biyu ne! Gyaran ɗigo aikina ne, ba sai na tambayi kowa ba. Na ja hamsin da takwas na kai shi tudu. Kwamfuta ta ce rufi ɗaya ba ya ɗaukar lamba biyu, sai na ja ɗari da goma sha uku na sauke shi bakin kogi, na danna aikawa. Ina faɗa muku gaskiya, a lokacin Gwaggo Otilie ko faɗo mini a rai ba ta yi ba. Fuskar Kawu kawai nake hangowa in na gaya masa.

Na rufe ofis, na sayi kolače, 'yan kek ɗinmu masu cuku, a shago, na hau tudu bakina har kunne. Na same shi yana kwashe kashin zomaye.

"Kawu, ajiye shebur ɗin nan ka gode mini. Ba inda za ka. Na gano, na kuma gyara."

Bai juyo ba. "Kin gyara me?"

Na zayyana masa komai, har da fensirin 1961. Ya jingine shebur a hankali, ya goge hannu a wando.

"Wa ya aike ki?"

"Haba Kawu! Wa ya aike ni? Saura kwana ashirin a ɗauke ka kamar buhun dankali, kana tambayata wa ya aike ni?"

"Na ce miki kar ki taɓa. Sau nawa na faɗa?"

"To ai ba ka san abin da ke ciki ba!"

"Ban sani ba? Ni na kwance allon nan daga bangon gidan ƙasa, da wuƙar kicin, na sa shi cikin rigata na hawo da shi. Ranar da wasiƙarsu ta zo, kafin in kai layi na biyu na gane."

Na tsaya riƙe da ledar kolače kamar wata sakarya. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci.

"Ka sani, ka bar mu muna ta haukan banza? Ka ja tsohuwa kwana uku a rana da tiyo?"

"So nake su ga tudun, su yarda da tudun, su bar zancen lamba. In suka gyara nawa don tsayinsa, ba ruwan kowa da nata. Yanzu ina kika kai ɗari da goma sha uku?"

Sai a nan Gwaggo Otilie ta faɗo mini a rai. Kawu ya nuna mini hanyar ofis.

"Ki je ki mayar."

"Ba ya mayuwa, Kawu. Ya riga ya tafi, da sunana da lokaci. In na mayar da gangan na yi ƙarya a rajistar hukuma." Na ji ina neman kare kaina, murya ta tashi. "Kuma ma tsaya! Takardar tata ai ta banza ce. Ran da ruwa ya sake shiga, mai dubawa zai zo ya ga gida a bakin kogi, ba abin da za su biya ta."

"Na sani. Ita ma ta sani."

"Ta sani?"

"Kina tsammani don me ta riƙe tiyo? Ba biyansu take nema ba, takardar da za ta nuna wa Ivana take nema."

"To in da ba su yarda da tudun ba fa? Sai ka tafi Ostrava kana ji kana gani?"

"Sai in tafi. Ni ina da ƙafafu, in gundura ta ishe ni in hau bas in zo in zagi mutane in koma. Ita in ta shiga gidan can, a akwati za ta fito."

Ya ɗauki shebur ɗinsa. Na ajiye ledar a kan keji na sauko, ina kuka ina masifa a hanya. Tsofaffi biyu sun ƙulla abu, sun ɓoye wa mutum ɗaya tak da ke iya ɓata shi! Da ya buɗe baki ya ce, Zdenka, ga yadda ake ciki, me zai ragu a jikinsa? Na sha tambayar kaina abin da zan yi da ya faɗa mini, ko zan iya kawar da kai ina sakatariya. Har yau ban san amsar ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Takardar Kawu ta zo saura kwana huɗu Yuni ya ƙare: shiyya ta ɗaya, suna ba da haƙuri. Radim ya aiko mini da furanni. Ta Gwaggo Otilie ta zo a Agusta: shiyya ta huɗu, sun janye inshorarta. Na rubuta wa kamfanin da hatimin gari, na buga wa Ivana waya sau uku. Ivana ta ce, "Zdenka, ke kika kwashe taɓo daga kicin ɗin bara ko ni? Uwata ce." Ban ga laifinta ba.

Ran Litinin ta biyu a Satumba ƙofar ofis ta buɗe, Gwaggo Otilie ta shigo da rigar zuwa coci da jan baki. Ta taga na hango motar Ivana, da Kawu tsaye a gefenta riƙe da jaka. Tun Yuni bai tako ofishin ba, a hanya ma sai dai ya ɗaga mini hula kamar baƙuwa.

"Yarinya, an ce sai na cike takardar sauya mazauni. Rubuta mini, na bar tabarau a akwati."

Na ɗauko takardar. Na ce, "Gwaggo, wallahi ban..."

"Rubuta dai. Kuma ki rubuta daidai, kar nan da shekara sittin wata mai ƙwazo ta zo ta gyara."

Na rubuta suna, na rubuta tsohon gida da sabo. Ta sa hannu a hankali, harafi-harafi.

"Ivana ta ce tagar ɗakin tana kallon wurin ajiye motoci. Ruwa dai ba zai shiga ba, ko ba komai." Ta gyara jakar hannunta. "Ki riƙa kai wa wancan mai taurin kan miya, ko bai kula ki ba. Tun da ya ci nasara bai ci abincin kirki ba. Ciyawar kuma a bayan tsohon injin niƙa ta fi kyau, ki gaya masa, ni in na faɗa gardama zai yi."

Na ce to. Saura hatimi, yana nan gabana a kan tawadarsa, na kasa miƙa hannu.

"Buga mana, mota na jira."

Na zauna ina kallonsa. Ta yi ɗan tsaki, ta miƙo hannu ta ɗauka da kanta, ta buga a takardar da ƙarfin mai tatsar shanu har kofin shayina ya motsa. Ta fita. Kawu ya buɗe mata ƙofar mota, ya sa jakar a baya, bai kalli tagar ofis ba.